Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Filin Tarihi A Gidajen Rediyon Hausa: Ina Labarin Ayakuco?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku, ina roƙon Allah ya ƙara albarka a muryoyin nan da kuke shigo mana gida da su safe da yamma. Ni tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare, na riƙe alli shekara talatin da 'yan kai kafin in ajiye. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Muna da majalisa ta tsofaffin malamai da ke zama bayan la'asar a gindin darbejiya, rediyo a tsakiyar tabarma, tare da wasu ɗalibanmu na da waɗanda yanzu su ma koyarwa suke yi. Su suka ce in rubuto muku, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Litinin, 9 ga Disamba 2024, aka cika shekara 200 cif da yaƙin Ayakuco, wanda a taswira za ku ga an rubuta shi Ayacucho, a ƙasar Peru. Shi ne gumurzun da ya karya ƙashin bayan mulkin Sifaniya a nahiyar Kudancin Amurka bayan kusan shekara 300. Wata biyu kafin ranar na zauna na rubuta shafi uku da hannuna, na hau Keke Napep na kai wa wata tasha da nake saurare tun ina saurayi, na miƙa a ofishin karɓar baƙi, aka ce za a isar. Da ranar ta zo na ɗauki rediyo tun hantsi ina murɗawa daga wannan tasha zuwa waccan har aka kira isha'i. Ko jimla ɗaya ban ji ba. Ba a yi wata guda ba kuma sai tashar da na kai wa takarda ta rage filinta na tarihi daga awa ɗaya zuwa kwata, aka cike gurbin da tallan magani. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ita kaɗai ba ce, kuma gyara nake nema.

Kukana na farko shi ne kun bar nahiya guda sukutum a cikin duhu. Na taɓa tambayar 'yan aji biyar ina ne Kudancin Amurka. Wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ba ta taɓa wuce ta uku a jarrabawa ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, can ne wajen Texas, inda suke kiwon shanu." Ajin duka ya yarda da ita. Ban ga laifinta ba. A bakinmu Amurka ƙasa ɗaya ce, saboda haka kudancinta ma wani yanki ne na ƙasar. Da wannan 'yar kalma ƙasashe goma sha biyu masu mutane fiye da miliyan 400 suka ɓace mana. Alhali gyaɗar da aka gina dalar Kano da ita asalinta daga can ne, haka rogo, haka dankalin turawan da ake nomawa a Filato. Yaranmu sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Birazil da Ajantina, amma ba su san gasar kulob-kulob ta nahiyar, Libertadores, ma'anarta "masu 'yantarwa" ba ne, kuma don tunawa da mutanen wannan yaƙi da ire-irensu aka raɗa mata sunan. Kun san an yi shekaru fiye da goma babu darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya. Waɗanda suka tashi a wancan tsakani yau magidanta ne, kuma rediyo ce kaɗai makarantar tarihin da ta rage musu. In kun yi shiru, shike nan.

Bari in ba ku labarin da nake so a ce kun bayar, ku auna da kanku ko ya cancanci awa ɗaya.

A shekarar 1824, wato shekarar da Bature Clapperton ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yawancin nahiyar ta riga ta kuɓuce wa Sifaniya. An ci Sifaniya da yaƙi a Maipu a 1818, a Boyaka a 1819, a Karabobo a 1821, a Picinca a 1822. Saura Peru, wadda ita ce cibiyar daular tun da Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kama sarkin daular Inka, Atawalpa, a 1532, kuma ta nan azurfar dutsen Potosi ta daɗe tana bi zuwa Turai. Janar San Martin, ɗan Ajantina, ya shelanta 'yancin Peru a Lima, babban birnin ƙasar, ranar 28 ga Yuli 1821, amma shela ce kawai. Wakilin Sarkin Sifaniya, Hose de la Serna, ya kwashe rundunarsa ya hau tsaunukan Andes ya kafa gwamnati a Kusko, inda mutane suke, da abinci, da ma'adinai. Manyan Lima kuwa zuciyarsu biyu. Ba su manta tawayen Tupak Amaru na 1780 ba, kuma tsoron talakawan asalin ƙasar ya fi ƙin Sifaniya ƙarfi a ransu. A watan Fabrairun 1824 sojojin da ke gadin ganuwar Kayawo, tashar jiragen ruwan Lima, suka yi bore saboda an daɗe ba a biya su albashi ba, suka miƙa ganuwar ga 'yan sarki, wato magoya bayan Sarkin Sifaniya. Lima kanta ta sake komawa hannun Sifaniya. Duk mai kallo a lokacin zai ce Simon Bolibar, jagoran masu neman 'yanci kuma shugaban Kolombiya, ya zo Peru ne ya binne sunansa.

Abin da ya cece shi ɓaraka ce a gidan abokan gaba. Janar Olanyeta, wanda ke riƙe da yankin da yau ake kira Bolibiya, ya yi wa La Serna tawaye, yana zarginsa da sassauci da rashin cikakkiyar biyayya ga sarki. Dole La Serna ya tura gwarzon janar ɗinsa, Baldes, da dubban sojoji kudu su yaƙi ɗan uwansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bolibar ya haura tsaunuka, ranar 6 ga Agusta ya gamu da baraden 'yan sarki na Janar Kanterak a Hunin. Wannan karo ba a harba bindiga ko ɗaya ba, mashi da takobi ne zalla a kan dawaki, kuma cikin abin da bai kai awa ɗaya ba 'yan sarki suka watse. Bayan nan majalisar Kolombiya ta janye wa Bolibar ikon jagorantar rundunarta, ya koma gaɓar teku, ya bar yaƙin a hannun Antoniyo Hose de Sukre, ɗan Benezuwela mai shekara 29.

La Serna ya tattaro duk ƙarfinsa ya fito daga Kusko. Aka yi makonni ana zagayen juna a kan duwatsu, a wuraren da suka haura mita 3,000 sama da teku, inda numfashi ba ya isar ƙirji, rana ta ƙona ka dare kuma sanyi ya daskarar da kai. 'Yan sarki suka yi ta ƙoƙarin shiga tsakanin Sukre da hanyar Lima. Ranar 3 ga Disamba, a kwazazzabon Korpawaiko, Baldes ya afka wa ƙeyar rundunar Sukre tana tsakiyar ƙetarewa, ya kashe da yawa, ya kwashe kaya da alfadarai, ya ƙwace igwa ɗaya daga cikin biyun da suke da su. Da igwa ɗaya tak Sukre ya isa ƙauyen Kinuwa ya ja daga a wani ɗan fili mai kwazazzabai a gefe da gefe. Ranar 8 ga wata 'yan sarki suka hau tsaunin Kondorkunka da ke tsaye a kan filin, suna kallon abokan gabansu daga sama kamar mai leƙen rijiya. A lissafin da Sukre ya aika wa Bolibar, shi yana da mutum 5,780, su kuma 9,310, da igwa 14. Kowane ɓangare guzurinsa ya kusa ƙarewa. La Serna kuma yana da wata damuwar ta daban: sojojinsa suna sulalewa da dare suna komawa ƙauyukansu, kowace kwana da ya ƙara rundunar raguwa take yi. Ba shi da halin jira.

Akwai wani abu da ya faru da safiyar ranar 9 wanda duk lokacin da na karanta wa ɗalibai sai ajin ya yi tsit. Wani hafsa da ya halarci yaƙin ya rubuta cewa kafin a fara, an ba waɗanda ke da 'yan uwa ko abokai a ɗaya ɓangaren izini su fito tsakiyar fili su gaisa. Suka ajiye makamai, suka rungumi juna, wasu suna hawaye, sannan kowa ya koma sahunsa. Ramon Kastiya, wanda daga baya ya zama shugaban Peru, yana cikin masu neman 'yanci, yayansa kuwa yana cikin 'yan sarki.

Da hantsi aka fara. Baldes ya gangaro ta hagun Sukre ya matsa wa rundunar 'yan Peru da ke ƙarƙashin Janar La Mar har ta soma ja da baya. Dabarar 'yan sarki ita ce sauran rundunoni su jira Baldes ya gama karya wannan gefen, su sauko su jeru a fili, a kafa igwa, sannan a rufe Sukre gaba ɗaya. Amma wani kanar nasu, Rubin de Selis, ya ji ƙarar bindigogin Baldes ya ɗauka lokaci ya yi, ya kutsa da bataliyarsa shi kaɗai tun sauran ba su shirya ba, aka murƙushe su, shi ma ya faɗi. Sukre ya ga abin da ke gabansa: dubban mutane suna gangarowa daga tsauni a siririyar hanya, ƙungiya bayan ƙungiya, mahaya suna jan dawakinsu da hannu saboda santsin gangare. Yawansu ba shi da amfani muddin ba su jeru ba. Nan take ya umarci Hose Mariya Kordoba, ɗan Kolombiya mai shekara 25 da ke riƙe da hannun dama, ya afka musu. Kordoba ya sauka daga doki ya tsaya gaban dakarunsa ya ba da umarnin da har yau yara ke haddacewa a makarantun ƙasarsu: kowa ya riƙe makaminsa yadda ya ga dama, a yi takun masu nasara. Suka taka har suka kusa, suka yi ruwan wuta, suka shiga da banati, barade na rufa musu baya a gefe biyu. Rundunar Janar Monet da ke tsakiyar 'yan sarki an same ta rabi ta ƙetare kwazazzabo rabi ba ta ƙetare ba, na gaba suka juyo suka tattake na baya. Sukre ya tura bataliya biyu daga rundunar ko-ta-kwana da barade suka tallafi La Mar, aka juya kan Baldes shi ma. La Serna da kansa ya shiga cikin fama, aka ji masa raunuka, aka kama shi. Kafin rana ta karkata sosai tutar masu neman 'yanci tana kan Kondorkunka.

'Yan sarki sun bar gawa kusan 1,800 a filin, na Sukre ba su kai 400 ba. Kanterak ya sa hannu a takardar miƙa wuya mai sharuɗɗa 18, janar-janar 16 suka shiga hannu. Ganuwar Kayawo ta yi taurin kai har Janairun 1826, amma daga wannan rana ba a sake tara rundunar Sifaniya da za ta iya ƙwato nahiyar ba. A harshen Kecuwa, harshen mutanen wurin, ana fassara Ayakuco da "kusurwar matattu", kuma sunan ya riga yaƙin.

Ranku ya daɗe, wannan labarin ne bai sami minti biyar ba.

Kukana na biyu ya fi na farko nauyi. Ko sa'ad da kuka waiwayi tarihin waje, labarin manya kuke ba mu. Hitila, Napoliyon, wane ya ci wane. Ina tsoron ko da kun yi shirin Ayakuco, da Bolibar za ku fara da shi za ku ƙare, alhali ma ba ya filin. Tambayar da nake so mai sauraro ya kwana da ita ita ce: su wane ne waɗannan 1,800 da suka mutu? A cikin rundunar da ake kira ta Sifaniya, waɗanda aka haifa a Sifaniya ba su kai dubu ba, yawancinsu kuma hafsoshi ne. Sauran 'ya'yan ƙasar ne, manoma masu jin Kecuwa da Aimara, da yawansu kamo su aka yi daga gona aka sa musu kaki. A ɗaya gefen ma akwai irinsu, ga baƙaƙen fata da barbarar yanyawa daga Benezuwela da Kolombiya, wasu bayi ne da aka yi wa alkawarin 'yanci in sun ɗauki bindiga. Shi kansa Bolibar, lokacin da aka koro shi ya rasa mafaka, ƙasar Haiti ta baƙaƙen fata ce ta ba shi makamai da jirage a 1816, shugabanta Petiyon ya gindaya masa sharaɗin ya 'yanta bayi. Ga kuma matan da ke bin rundunonin biyu a ƙafa, goyo a baya tukunya a ka, su ne masu neman itace da dafa abinci da jinyar masu rauni, ba a ƙirga su a lissafin kowane janar ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903 ta wuce Sakkwato a watan Maris, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin 'yan Afirka ne, da yawa ma da Hausa ake ba su umarni. Yaron da ya ji labarin Ayakuco yadda ya kamata zai gane cewa haka dauloli suke yi a ko'ina, da hannun mutanen ƙasa ake danne ƙasa. Zai daina ɗaukar abin da ya same mu a matsayin wani rauni da ya keɓanta da mu. Na ga yadda wannan tunani na raina kai yake cin yara, kuma shirunku yana ƙara masa taki.

Na uku, kuna tsayawa a ranar nasara. An ci yaƙi, an ɗaga tuta, sai a sa kiɗan rufe shiri. A ganina abin da ya biyo bayan Ayakuco ya fi yaƙin kansa amfani ga mai sauraronku.

Ku dubi sharuɗɗan miƙa wuyan. Hafsoshin Sifaniya an tabbatar musu da dukiyarsu, wanda ke son komawa gida gwamnatin Peru ce za ta biya masa kuɗin jirgi, wanda ke son zama zai iya shiga sabuwar runduna da muƙaminsa. Manomin da aka kamo daga gona kuwa ya koma ƙauye ya tarar da haraji na jiransa. Harajin kai da Sifaniya ta ɗora wa 'yan asalin ƙasar, wanda San Martin ya soke a 1821, sabuwar jamhuriya ta dawo da shi a 1826 da sabon suna, domin baitulmali babu komai, ga bashin da aka ciyo a Landan ya gagara biya. Bauta ma ta ci gaba. Sai a 1854, shekara 30 bayan yaƙin, Kastiya ya soke harajin ya kuma 'yanta bayi, da kuɗin kashin tsuntsayen teku da Peru ke sayar wa Turai a matsayin taki. Diyya kuwa iyayen gijin bayin aka biya, bayin ba su sami ko anini ba. Saboda haka kada ku yi mamaki in na gaya muku cewa manoman tsaunukan Wanta, maƙwabtan filin yaƙin, sun ɗauki makami daga 1825 zuwa 1828 suna yaƙar sabuwar gwamnati da sunan Sarkin Sifaniya. Su ba su ga abin da ya sauya musu ba.

Su kuma waɗanda suka ci yaƙin? La Mar da Gamarra, shugaban hafsoshin Sukre a ranar, dukansu tsofaffin hafsoshin sarki ne da suka sauya sheƙa. Shekara huɗu da 'yan watanni bayan Ayakuco, a Fabrairun 1829, su biyun suka ja daga da Sukre a Tarki, Peru na yaƙar Kolombiya. A shekarar Gamarra ya kifar da La Mar ya kore shi ƙasar waje, can ya rasu. Kordoba mai takun masu nasara ya yi wa Bolibar tawaye, aka kashe shi a Oktoban 1829. Sukre, wanda ya mulki sabuwar ƙasar Bolibiya har sojoji suka yi masa bore suka harbe shi a hannu, an yi masa kwanton ɓauna a dajin Berruwekos ranar 4 ga Yuni 1830 yana hanyar komawa wajen matarsa da 'yarsa, yana da shekara 35. Bolibar ya bi shi ranar 17 ga Disamba na shekarar, babbar Kolombiyar da ya haɗa tana wargajewa gida uku. Shekara shida kacal. Gamarra shi ma a fagen fama ya mutu a 1841, ya kai wa Bolibiya hari.

Jikokin manoman nan, waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, sai a 1980 suka sami damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa bayan an daɗe da hana su. A jajibirin wannan zaɓen ne 'yan tawayen Sendero Luminoso suka ƙona akwatunan zaɓe a ƙauyen Cusci, a cikin lardin Ayakuco, aka shiga rikicin shekara 20. Hukumar binciken gaskiya ta Peru ta ƙiyasta mutum kusan 69,000 suka hallaka, fiye da kashi 40 cikin ɗari a lardin Ayakuco, kuma uku cikin kowane huɗu masu jin Kecuwa ne ko wani harshen gida. A filin yaƙin akwai dogon ginin tunawa mai tsawon mita 44 da aka buɗe a 1974. Shekara shida bayan buɗe shi aka fara binne mutane a ƙauyukan da ke kewaye.

Ga dalilin da ya sa wannan ya dame ni yanzu. Tun da sojojin Faransa suka fice daga Nijar a Disamban 2023, ba a raba majalisunmu da muhawara a kan 'yanci, daga Maraɗi har Kano. Samari suna magana da zafi, kuma ina girmama zafin nasu, domin ba wanda ke son baƙo ya riƙe masa ƙofar gida. Amma in na tambaye su wa zai riƙe bindiga bayan baƙon ya tafi, wa zai biya haraji, wa za a ci bashi a wurinsa, me zai hana janar ya juya kan janar, sai in ga ba su da wani misali a hannu sai na 1960. Ga nahiya guda da ta riga mu shiga wannan hanya da shekara fiye da 130, ta faɗa ramuka iri-iri, wasu ta fito wasu har yau tana ciki. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ku ne ke da makullin wannan ilimi a harshen da samarin ke ji, kun kuwa bar shi a rufe.

Akwai ƙaramin kuka na huɗu, ba zan daɗe a kansa ba. Ɗan abin da ake kawo mana na tarihin waje sau da yawa fassara ce ɗanya daga abin da aka tsinto a intanet, sunaye a karkace, shekaru a rikice, jimla Hausa a sama Turanci a ƙasa. Dattijo ya saurara minti uku ya murɗa tasha, sai a ce mutane ba sa son tarihi. Suna so. Mutanen da ke zama su saurari labarin yaƙin Tafkin Kwatto da na Alkalawa ba sa ƙyafta ido, ba za a ce ba sa son tarihi ba.

Yanzu ga abin da muke roƙo, da girmamawa.

Ku mayar wa filin tarihi lokacinsa. Awa ɗaya a mako ba ta yi yawa ba, kuma a sa shi bayan isha'i lokacin da magidanta ke gida, kada a jefa shi tsakar rana sa'ad da kowa ke kasuwa ko gona.

Ku shirya jerin shiri a kan Ayakuco, ko da kashi huɗu ne: yadda Sifaniya ta kama nahiyar ta kuma riƙe ta, yaƙin da kansa, mutanen da suka yi shi, da abin da ya biyo baya har zuwa 1854. Ba sai an jira cikar wata shekara ɗari ba, 9 ga Disamba tana zagayowa kowace shekara. A fara kowane kashi da gaya wa mai sauraro inda wurin yake da kalmomin da zai gani a zuciyarsa: in ka tsaya a Legas ka fuskanci kudu maso yamma ka ƙetare teku, Birazil za ka tarar, Peru kuma tana can bayanta a ɗaya gaɓar. Ku zauna ku daidaita yadda za a riƙa kiran nahiyar da Hausa, ku riƙa cewa "nahiyar Kudancin Amurka" a cike kowane lokaci, don kada a sake samun yarinyar da za ta kai ta Texas.

Ku nemi malaman sassan tarihi na jami'o'inmu su duba rubutun kafin a karanta, ku kuma biya su haƙƙinsu, kada a ce sai dai godiya. A samu mai jin Sifaniyanci ya faɗa muku yadda ake furta sunayen. Mai gabatarwa ya rufe takardar Turanci ya ba da labarin kamar yadda zai ba ƙanensa a zaure, da kalmomin da muke da su tun kaka da kakanni: daga, barade, dakaru, igwa, kwanton ɓauna, ganima.

In an gama shirin a yanka shi gajere-gajere a sa a WhatsApp da Facebook, domin malaman makaranta su sauke su kunna wa ɗalibai. Yawancin makarantun da na sani ba su da littafi ko ɗaya a kan wannan nahiya, amma kowane malami yana da waya.

Sannan kada ku tsaya a Peru. A wannan nahiyar, a lardin Bahiya na Birazil, akwai Hausawa da aka sayar bayi aka ƙetarar da su teku, suka shirya tawaye a 1807, suka tashi a 1809 da 1814, kuma wasunsu na cikin boren Musulmi bayi da 'yantattu na birnin Salbado a Janairun 1835, a cikin watan azumi, da layu a wuya da rubutun Larabci a aljihu. Shekarar 2035 za a cika 200 da wannan. Muna roƙo tun yanzu ku sa ta a kalandarku, ku fara tara kayan aiki, kada ta wuce mu kamar yadda 2024 ta wuce.

Mu a namu ɓangaren ba mu zo hannu rabbana ba. Ina da taswirar nahiyar da na yi shekaru ina rataya wa a allo, ta tsufa amma garuruwan suna nan, da littattafai 'yan kaɗan, da takardun darasi da na rubuta da Hausa don ɗalibaina. Abokan zamana biyu sun ce za su karanta rubutun shiri kyauta su gyara shekaru da sunaye. Duk tashar da ta shirya, ta sanar a filinta na wasiƙun masu sauraro, muna jin ta, za mu kawo da ƙafarmu.

Allah ya ƙara muku basira da lafiya, ya sa ku gama da aikin nan lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, a madadin majalisar tsofaffin malamai da ɗalibansu,
Zariya.